Ciyawar da Ba Ta Jiran Damina

Ƴan shekarun nan wani sabon kore ya shigo garin Tawa, a bayan manyan motoci, a naɗe kamar darduma. Ƴan kasuwa suna ce masa gazon, mu kuwa a gida mukan ce ciyawar roba. A wuraren biki muka fara ganinta, ana shimfiɗa wa ango da amarya su taka. Daga nan ta koma ƙofar gidajen abinci da shagunan ɗaukar hoto, sannan ta shiga farfajiyar wasu makarantun kuɗi na ƙananan yara. Yanzu kuma ta kai inda ya sa na ɗauki alƙalami, wato sababbin gidajen da ake ginawa a gefen gari, inda mai hali kan haƙa ɗan tafkin wanka a cikin gidansa, wanda muke kira pisin, ya kewaye shi da ita.

Gidajen da ke da pisin a Tawa ƴan kaɗan ne. Sai dai abin da ya fara a gidan mai kuɗi ba ya daɗewa yake zama burin maƙwabci, kuma ƴaƴanmu ne ke shiga waɗannan gidaje ranar suna, da yawon salla, da ziyarar abokan aji. Don haka maganar ta shafi malami, ta shafi uba da uwa, ko da kuwa a gidan haya suke zaune.

Bari in fara da bayanin ita kanta ciyawar. Zare ne na roba, dangin wadda ake yin leda da bokiti da ita, asalinsa daga man fetur. Ana saƙa shi a kan wani ƙyalle mai kauri da aka huhhuda domin ruwa ya wuce. A Amurka ta yi suna, cikin 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a wani rufaffen filin wasa na birnin Houston da ake kira Astrodome, saboda ciyawar gaske ta ƙi rayuwa a ƙarƙashin rufinsa. Ku riƙe wannan a zuciya: wurin da ya fitar da sunanta wuri ne da rana ba ta dukansa. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin iskarmu yana haura digiri 40, kuma babu gajimare ko ɗaya da zai ji tausayinmu.

Na ga yadda ake sa ta a gidan wani yayana, ɗan wan babanmu, wanda ya yi fiye da shekara ashirin yana nema a Abijan, kamar yadda Adarawa da yawa suke yi. Ma'aikatan sun fara da share wurin suka daidaita shi, suka zuba tsakuwa da jar ƙasa suka daddaɓe, suka shimfiɗa wani baƙin ƙyalle da ke hana haki tsirowa daga ƙasa. Sannan suka warware ciyawar, suka yanka ta daidai da bakin pisin, suka haɗa gaɓoɓin da gam, suka kafe gefen da ƙusoshi, suka watsa rairayi suka share shi ya shige tsakanin zaren. Kwana uku aka gama. Ranar da aka gama, in faɗi gaskiya, wurin ya yi kyau. Ruwa shuɗi a tsakiya, kore ya kewaye shi, a garin da ido ya gaji da kallon ja da ruwan ƙasa tun watan Nuwamba.

Na tambaye shi dalili, ya ce mini: "Mushe, kai ne mai lissafi. In na shuka ta gaske, wa zai biya kuɗin famfo? Wannan ba ta shan ruwa, ba ta son taki, ba ta son almakashi, kuma yara ba za su kwaso mini ƙasa su zuba a ruwa ba."

Yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma bai kamata a ƙi faɗa ba. Ruwan saman da Tawa ke samu a shekara yana tsakanin milimita 350 da 400 a matsakaici, kuma kusan dukansa cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Abijan da ya ga abin a can tana samun ninki huɗu na wannan ko fiye. Ciyawar lambu ta gaske a bazararmu ba ta rasa shan lita biyar a kowane murabba'in mita a kullum, wato fili mai murabba'in mita 60 zai ci lita 300 kowace rana. Wanda ya guji wannan ɓarna ya yi tunani. Inda na rabu da yayana shi ne zaton da ya yi cewa zaɓi biyu kaɗai gare shi, ko ciyawar da ke shanye famfo ko ta roba.

Abin da mai sayarwa bai gaya masa ba, ƙafar yaro ce ta gaya mana. Ranar sunan jikarsa, da misalin ƙarfe biyu na rana, maza muna zaune a rumfa, sai wani yaro ɗan shekara huɗu ya cire takalminsa ya sheƙa da gudu zuwa kan koren nan. Bai yi taku goma ba ya tsaya cak yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiye ɗaya yana ihu, ya rasa gaba ya rasa baya, har sai da wani saurayi ya ruga ya ɗauko shi. Tafin ƙafarsa ya yi jajir. Na je na ɗora bayan hannuna a kai, ban iya ƙirga biyar ba na janye.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya koyar da darasin tsirrai. Ciyawa mai rai tana jawo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye, wannan gumin ne ke sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Roba ba ta gumi, zafin da ta sha tana riƙe da shi. A Amurka da Ostareliya an sha auna fuskar irin wannan ciyawa ta haura digiri 70 a ranakun da zafin iska bai kai 40 ba. In an watsa mata ruwa takan yi sanyi, amma kafin rabin awa zafin ya fara dawowa.

Wani zai ce ai rairayinmu ma yana ƙuna da rana tsaka, haka daɓen siminti. Haka ne. Bambancin shi ne kowane yaro a Adar ya san rairayin bazara tun yana rarrafe, ba ya taka shi ba takalmi. Kore kuwa idonsa ya saba ganinsa da damina, lokacin da ƙasa ke da sanyi, saboda haka in ya gan shi zuciyarsa ta ba shi cewa wuri ne mai daɗin takawa. Kallon kitse yake yi wa rogo. Kuma bakin pisin shi ne wurin da kowa ke cire takalmi.

Sai maganar cewa ba ta shan ruwa. Wanda ya zauna Tawa ya san ƙurar hunturu, ya san holoƙon da ke riga ruwan farko isowa. Wannan ƙura tana shigewa tsakanin zaren ta zauna, tsintsiya ba ta fitar da ita duka, sai an wanke. Ƙarangiyar da ta maƙale a wandon yaro a nan take sauka. In kaza ko ɗan rago ya yi kashi, ko jariri ya yi fitsari, ƙasa ba ta shanye shi ta sarrafa kamar yadda ta saba, sai an bi da ruwa da sabulu, in ba haka ba wari ya tashi da rana, kuma babu mai yarda ya shimfiɗa tabarmar salla a wurin. Garwashi ɗaya ya faɗo daga murhun shayi, ya bar baƙin tabo da ba ya gyaruwa. Matar yayana ta ce mini tun da aka sa ta, wankin tsakar gida ya zama aiki na musamman.

Kuma ba ta dawwama. Masu yin ta kan ambaci shekara takwas zuwa goma, a ƙasashen da ranarsu ba ta kai tamu ba. Tun kafin ta mutu gaba ɗaya zaren yana karyewa ƙanana-ƙanana, iska ta kwashe, wasu su faɗa cikin ruwan da yara ke wanka suna kurɓa. A 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da ɓarɓashin robar da ake zubawa a filayen ƙwallo masu irin wannan ciyawa, daga shekarar 2031, saboda yadda yake bazuwa cikin ƙasa da ruwa. Mu kuwa tun 2014 muke da dokar hana ledar nan mara kauri, amma har gobe ita ce ke rataye a kan ƙayoyin bakin gari, kuma mahauta sun san yawan wadda suke cirowa daga tumbin dabbobi. Wanda ya kasa da ƴar ledar tsire, ina zai kai tsohuwar darduma mai murabba'in mita 60? Ko dai a jefar da ita a juji, ko a cinna mata wuta unguwa ta shaƙi hayaƙin.

Yanzu bari mu waiwayi ruwan da ke tsakiya, tunda shi aka yi wa adon. Na taɓa ba ɗalibaina na aji shida wannan lissafi. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, lita nawa yake ci? Amsa: lita 48,000, wato bido 1,920 mai cin lita 25. A bazara, da zafi da busasshiyar iska, ruwan da aka bari a buɗe yana iya sauka santimita ɗaya a yini. A wannan tafki santimita ɗaya lita 320 ce, kusan bido 13, suna tashi sama kullum ba wanda ya sha. In muka ɗauki lita 20 da hukumomin lafiya ke lissafawa a matsayin mafi ƙarancin buƙatar mutum a rana, ruwan mutum 16 ke nan. Yaran da suka yi mini wannan lissafi, da yawansu sun san layin famfo, sun san jiran ɗan ga-ruwa. Ruwan garin nan daga rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mitoci ake jawo shi. In ka nausa arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, za ka ga jakuna da raƙuma suna jan guga tun asuba. Ban ce haramun ne mutum ya more dukiyarsa ba. Na ce dai wanda ya sayi ciyawar roba don tattalin ruwa, ya kamata ya fara da rufe tafkin da ke zubar masa da bido 13 a kullum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa cikin 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Mu nan ba mu buƙatar rahoto, kowace damina muna jin labarin yaron da tafki ko korama ta ci. Amma tafkin daji yana bayan gari, kuma iyaye suna tsawatarwa a kansa. Wannan yana cikin gida, taku ashirin daga ɗakin uwa. Ƙaramin yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, ba ya fantsama yadda ake nunawa a fim, shiru yake tafiya cikin ƴan mintoci. Ciyawar roba tana ƙara haɗarin ta hanyar da ba a lura da ita: tana mai da bakin ruwa filin wasa. Da yamma in ta huce, nan yara ke birgima, nan suke buga ƙwallo, ƙwallon kuma dole wata rana ta faɗa ruwa, wani ya miƙa hannu. Faransa, wadda muke yawan kwaikwayo, tun 2003 ta wajabta wa masu pisin a gida su sa abin kariya. Mun kwaso adon mun baro shingen.

Akwai kuma wata asarar da ba a aunawa da lita, ita ce ta fi damuna a matsayina na malami. Kowace shekara nakan sa yara su shuka wake a gwangwanin tumatir, su riƙa ba shi ruwa suna rubuta abin da suka gani. Bara, muna cikin lissafa abubuwan da tsiro ke buƙata, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ciyawar gidan kawuna ba ta shan ruwa, kuma ba ta mutuwa. Ta fi wake." Aji ya fashe da dariya, amma tambayar gaske ce ta yi. Na ce su gaya mini, akuya za ta ƙoshi da ita? Tana yin iri? In aka yi ruwa tana ƙaruwa? Suka ce a'a. Muka tsaya a kan cewa hoton ciyawa ce. Da na koma gida na daɗe ina tunanin yaron da zai tashi yana zaton kore abu ne da ake aunowa da mita a kanti.

Mu ƴan Adar mun san inda kore yake fitowa, domin da hannu aka yi shi a gabanmu. A zamanin yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza sun tafi ci-rani, mata ne suka yi mafi yawan aikin. Innata tana cikinsu. Ina yaro ina ganinta tana dawowa da yamma, gammo a kai, hannu duk kanta, bayan ta yini tana ɗaukar dutse ana jerawa a gangaren tudu don a tare ruwa, ana biyansu da abinci. Miliyoyin itatuwa aka dasa a wannan aiki. Tuddan da na sani tsirara, yau akwai inda akuya ke ɓacewa a cikinsu.

A kwarin Magiya, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A ƙasar Illela da Badagishiri kuma, a ƙarshen shekarun 1980, wasu manoma suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka inganta tassa. A haƙa ɗan rami a kan fako tun da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ciki, hatsi ya tashi inda da ko haki ba ya fita. Abin ya kai har mutane suka riƙa sayen fako da kuɗi, ƙasar da a da ko kyauta ba a karɓa. Wannan shi ne gadonmu. Duk wanda ya yi waɗannan ayyuka ya san ruwa kaɗan ne, shi ya sa ya koyi tare shi inda ya faɗi. Ƙyallen da ke ƙarƙashin ciyawar roba kuwa aikinsa ya hana komai tsirowa.

To, ga wanda ya riga ya ƙudura, ko ya riga ya sa, ga abin da nake ba da shawara, kuma shi na gaya wa yayana.

Shinge kafin ado. A kewaye pisin ta kowane gefe da shingen da ya kai mita ɗaya da santimita 20, mai ƙofar da ke rufe kanta, sakatar kuma a sama inda hannun yaro ba ya kai. Tamfol da ake rufe ruwa da shi yana rage tashin ruwa, amma ba ya maye gurbin shinge, yaro na iya takawa ya lume a ƙarƙashinsa. Ranar taro a sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon ruwa.

Inuwa kafin kore. Rumfar zana ko ta kara da muka gada ta fi kowace roba sanyaya wuri, kuma kuɗinta a hannun ɗan ƙauyenmu zai faɗa. In za a shimfiɗa ciyawar, a taƙaita ta ga inda inuwa ke rufewa, a bar sauran fili da rairayi mai tsabta ko tsakuwa, dutse dai ba mu rasa shi ba a Adar. A bar ramukan itatuwa nesa kaɗan da bakin ruwa saboda saiwa: lemun tsami, dabino, zogale, magarya, lalle a jikin katanga. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanoni ya ishe su. A karkatar da daɓen yadda ruwan wanki zai gangara wajen itatuwan, kada ya koma cikin tafki. Kafin a bar yaro ya taka, babba ya ɗora bayan hannunsa ya ƙirga goma. In bai iya ba, yaro ma ba zai iya ba. Pisin ɗin da aka daina kula da shi kuma a zubar da ruwansa, kada ya zama gidan sauro a watannin zazzaɓi.

Ga ƴan'uwana malamai da shugabannin makarantu, musamman masu azuzuwan ƙananan yara: na san koren farfajiya yana jawo iyaye ranar rajista, yana kyau a hoton Facebook. Amma ƙarfe goma zuwa sha biyu ne yara ke fita, lokacin da robar ke ɗaukar zafi. Iyaye kuma in kun je duba makaranta, ku je da rana, ku cire takalmi ku taka inda ɗanku zai taka, ku ƙirga itatuwan da ke farfajiyar.

Tun 1975 ƙasarmu ke dashen itace ranar 3 ga Agusta. Matsalar makarantu ita ce ranar tana faɗowa cikin babban hutu, a dasa a watse, kafin a koma aji a watan Oktoba awaki sun gama da su. Wannan abu ne da kwamitin iyayen yara zai iya magancewa ba tare da jiran kowa ba: a raba itatuwan ga gidajen da ke maƙwabtaka da makaranta, a kewaye kowanne da ƙaya ko tsofaffin bulo, in an koma karatu kowane aji ya karɓi nasa, kowane yaro ya riƙa zuwa da ƴar gorar ruwa. Kuɗin da za a kashe a kan naɗi ɗaya na ciyawar roba ya isa a yi wannan, har a sami canji. Shekara biyar ana yin haka, ɗan aji ɗaya na bana zai yi bitar jarrabawarsa ta aji shida a inuwar da ya shayar da hannunsa.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka.